Majalisar Yaƙi: Tarihin Yadda Gwamnatin Birtaniya Take Yanke Shawara a Lokacin Tashin Hankali

Har zuwa ƙarshen shekarar 1916, majalisar ministocin Birtaniya ba ta da sakatare, ba ta da ajanda, kuma ba mai rubuta abin da aka tattauna a cikinta. Ministoci kusan ashirin ne suke haɗuwa a gidan Firaminista da ke lamba 10, titin Downing, a Landan, su yi ta magana har a tashi. Abin da kawai yake zama shaida shi ne wasiƙar da Firaminista yakan rubuta wa Sarki da hannunsa bayan taro, wadda sauran ministoci ba sa gani. Saboda haka ministoci biyu sukan fito daga zama ɗaya kowa da abin da ya ɗauka an yanke, wani lokaci ma wanda aka ɗora wa aiki ya koma ofis bai san an ɗora masa ba. Da wannan tsari ake juya daular da ta mamaye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa, har da Nijeriya. Muddin ana zaman lafiya abin yana tafiya, domin yawancin al'amura suna iya jiran mako mai zuwa. Yaƙi ne ya tona wa tsarin asiri.

An ɗan taɓa gyara tun kafin babban yaƙin. Wuyar da sojojin Birtaniya suka sha a Afirka ta Kudu tsakanin 1899 da 1902 ta nuna cewa ma'aikatar sojan ƙasa da ta sojan ruwa kowace shirinta take yi, ba ta san na 'yar'uwarta ba. Firaminista Arthur Balfour ya kafa Kwamitin Tsaron Daula, wanda ya samu ma'aikatansa na dindindin a 1904, domin ministoci da hafsoshi su riƙa zama a teburi ɗaya. A 1912 wani hafsa mai suna Maurice Hankey ya zama sakataren kwamitin. Shi ne ya tsaya kan haɗa kundin da aka sani da Littafin Yaƙi, inda aka jera abin da kowace ma'aikata za ta yi a ranar da yaƙi ya ɓarke, har da saƙonnin tangaraho da aka riga aka rubuta suna jiran a aika. Da aka shiga yaƙi da Jamus ranar 4 ga Agusta 1914, kundin ya yi amfani, kwanakin farko suka tafi lami lafiya. Amma littafin ya tsaya ne a bakin ƙofa. Bai faɗi wa zai riƙa jan ragamar yaƙin yau da gobe ba, kwamitin kuwa shawara kawai yake bayarwa.

Firaminista Herbert Asquith ya fara gwada gudanar da yaƙin da cikakkiyar majalisarsa. Da ya ga ba ta yiwuwa, sai ya kafa ƙaramin kwamitin yaƙi a watan Nuwamba 1914. Ya fara da mutum takwas, ba a jima ba ya kai goma sha uku, kuma ba shi da ranar zama sai yadda Firaminista ya ga dama. A wannan kwamiti aka amince, a watan Janairu 1915, da shirin Winston Churchill, ministan sojan ruwa a lokacin, na kutsawa ta mashigin Dardanelles domin a fitar da Turkiyya daga yaƙin. Babban hafsan sojan ruwa, Admiral Fisher, bai yarda da shirin ba, amma bai faɗa a gaban kwamiti ba, domin a fahimtarsa ba daidai ba ne hafsa ya musanta ministansa a bainar jama'a. A zaman 28 ga Janairu ya miƙe ya nufi ƙofa, Lord Kitchener, ministan yaƙi, ya bi shi ya lallashe shi ya dawo kujerarsa. Ya zauna ya yi gum. Sauran 'yan kwamitin suka ɗauki shirunsa a matsayin amincewa, ba kuwa wanda ya juya ya tambaye shi.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni. Daga 19 ga Maris zuwa 14 ga Mayu kwamitin bai zauna ba ko sau ɗaya, alhali a tsakanin nan ne harin jiragen ruwa ya rikiɗe ya zama saukar da sojojin ƙasa a Gallipoli ranar 25 ga Afrilu. Kafin a kwashe na ƙarshe a Janairu 1916, fiye da mutum 40,000 sun mutu daga ɓangaren Birtaniya da ƙawayenta. Hukumar binciken da ta fitar da rahoto a 1917 ta ɗora laifi a kan ɓangarorin biyu: hafsoshi da suka ɓoye ra'ayinsu, da ministoci da ba su nemi jin sa ba. Asquith ya sake wa kwamitin suna da fasali har sau biyu a 1915, amma cutar tana nan. Duk abin da ƙaramin kwamiti ya yanke sai an sake kai shi gaban babbar majalisa, a sake warware shi daga farko.

Bayan asarar da aka tafka a fagen Somme, inda sojojin Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu a rana ɗaya, 1 ga Yuli 1916, haƙuri ya ƙare. David Lloyd George, ɗaya daga cikin ministoci, ya nemi a kafa kwamiti na mutum uku mai cikakken iko, wanda ba Asquith ne zai shugabance shi ba. Rigimar da ta biyo baya ta kai Asquith ga yin murabus ranar 5 ga Disamba, Lloyd George ya hau kujerar. Ranar 9 ga wata sabuwar Majalisar Yaƙi ta yi zamanta na farko da mutum biyar: Lloyd George, Lord Curzon, Lord Milner, Andrew Bonar Law, da Arthur Henderson na jam'iyyar Leba. Hankey yana zaune a gefe da alƙalami, ya rubuta bayanan zaman majalisar ministoci na farko a tarihin ƙasar.

Abubuwa uku ne sababbi a nan, kuma a kansu aka gina duk abin da ya zo daga baya. Mutum biyar ɗin su ne majalisar baki ɗaya, ba wani wuri da za a ɗaukaka ƙara. In ban da Bonar Law, da yake riƙe da baitulmali kuma yake tsaya wa gwamnati a majalisar dokoki, ba wanda aka ɗora wa nauyin wata babbar ma'aikata, don kada ɗawainiyar ofis ta cinye musu lokacin tunani, kuma don kada kowa ya zo yana kare gonarsa. Ministan harkokin waje da hafsoshi ana kiransu ne idan magana ta shafe su. Na uku shi ne sakatariya: ajanda kafin zama, takardu a hannun kowa, sannan bayan an tashi a rubuta abin da aka yanke a aika wa ma'aikatar da za ta aiwatar, a kuma bi sawu. Majalisar ta zauna fiye da sau 300 a shekararta ta farko. A 1917 har Jan Smuts na Afirka ta Kudu aka shigo da shi, alhali ba ɗan majalisar dokokin Birtaniya ba ne.

Sabon tsarin ya nuna ƙarfinsa a wuraren da ake buƙatar ma'aikatu da yawa su haɗa hannu, kamar jigilar abinci da rabon jiragen ruwa. A watan Afrilu 1917 kaɗai jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun nutsar da jiragen kaya masu nauyin tan fiye da 800,000. A ƙarshen wannan wata aka amince jiragen kaya su riƙa tafiya a ayari da rakiyar jiragen yaƙi, kamar yadda fatake suke haɗa ayari da masu tsaro, asarar kuma ta ragu ƙwarai. Inda ya kasa shi ne wajen tanƙwara janarori. Lloyd George bai gamsu da shirin Douglas Haig na kai hari a Flanders ba, amma ba shi da ƙarfin siyasar da zai tuɓe shi, Majalisar Yaƙi ta bar harin Passchendaele ya ci gaba daga Yuli har Nuwamba 1917. An rushe majalisar a ƙarshen 1919, aka koma ga babbar majalisa, amma sakatariyar ta tsira. Hankey ya riƙe ta har 1938.

Da aka sake shiga yaƙi ranar 3 ga Satumba 1939, Firaminista Neville Chamberlain ya kafa tasa Majalisar Yaƙi da mutum tara, har da ministocin rundunoni uku. Ruɗanin da aka yi a yaƙin Norway a Afrilu 1940, inda umarni yake sauyawa tsakanin kwamiti da kwamiti sojoji suna kan teku, shi ya ci kujerarsa. Churchill ya zama Firaminista ranar 10 ga Mayu, ya mayar da majalisar mutum biyar: shi kansa, Chamberlain, Lord Halifax ministan harkokin waje, da Clement Attlee da Arthur Greenwood na jam'iyyar Leba. Ya kuma naɗa kansa Ministan Tsaro, muƙamin da babu shi a da, don kwamitin manyan hafsoshi ya riƙa mu'amala da shi kai tsaye ta hannun Janar Hastings Ismay. Mutumin da Dardanelles ta taɓa kayarwa ya san illar barin rata tsakanin ɗan siyasa da soja.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne yana da kwana goma sha shida a ofis. Sojojin Jamus sun ratsa Faransa, rundunar Birtaniya ta maƙale a gaɓar teku a Dunkirk, ba a sa ran kuɓutar da yawancinta. Daga 26 zuwa 28 ga Mayu Majalisar Yaƙi ta zauna sau tara. Halifax ya kawo shawarar a bi ta hannun Mussolini na Italiya, wanda bai shiga yaƙin ba tukuna, a ji irin sharuɗɗan da Hitler zai gindaya. Hujjarsa ba ta matsoraci ba ce: idan za a samu sulhun da zai bar wa Birtaniya 'yancinta, gara a nema tun kafin a ragargaza masana'antun jiragen samanta. Churchill ya amsa cewa da zarar an zauna teburin sulhu ba a iya tashi, domin ƙarfin zuciyar jama'a zai karye, kuma sharuɗɗan da za a samu bayan an yi faɗa ba za su fi na yanzu muni ba. Manyan hafsoshi sun gabatar da takarda cewa ƙasar za ta iya jurewa ita kaɗai muddin sojan sama da na ruwa suna tsaye, kuma Amurka ta taimaka da kaya da kuɗi.

Churchill ba shi da ikon ya buga teburi ya ce magana ta ƙare. Chamberlain ne shugaban jam'iyyar masu ra'ayin riƙau har lokacin, kuma da Halifax ya yi murabus Chamberlain ya bi shi, da gwamnatin ta rushe. Ranar 27 ga wata Halifax ya nuna alamar zai ajiye aiki, Churchill ya ja shi lambun gidan Firaminista ya rarrashe shi. Attlee da Greenwood suna bayan Churchill, haka ma Archibald Sinclair na jam'iyyar Libaral da aka gayyato zaman. Chamberlain ya yi ta auna ɓangarorin biyu, a ƙarshe ya karkata ga cewa tuntuɓar Italiya a wannan hali ba za ta haifar da komai ba. Ranar 28, ranar da Beljiyam ta miƙa wuya, Churchill ya ɗage zaman da yamma, ya tara sauran ministoci kimanin ashirin da biyar da ba sa cikin Majalisar Yaƙi, ya shaida musu halin da ake ciki da niyyarsa ta ci gaba da faɗa. Suka mara masa baya da murya ɗaya. Da aka dawo zama da ƙarfe bakwai, batun sulhu ya mutu. Zuwa 4 ga Yuni an kwashe sojoji 338,226 daga Dunkirk.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin nasarar mutum ɗaya, amma bayanan da sakataren majalisa Edward Bridges da ma'aikatansa suka ajiye sun nuna abin da ya fi haka muhimmanci. Mai ra'ayi na dabam yana cikin ɗakin, ya faɗi ra'ayinsa har ƙarshe, an amsa masa da hujja, kuma an koma ga babban taro kafin a rufe magana. Shawara ɗaukar ɗaki ce, kuma a waɗannan kwanaki uku an ɗauke ta da hannu da yawa, saɓanin abin da ya faru ranar da Fisher ya yi shiru.

Sauran shekarun yaƙin sun tafi a kan rabon aiki. Churchill da hafsoshi suka riƙe dabarun yaƙi, harkokin cikin gida kamar abinci, ƙwadago da farashi aka bar wa wani kwamiti na dabam da John Anderson ya jagoranta, daga baya Attlee. A watan Yuli 1940 Churchill ya kafa doka cewa duk umarnin da aka ce daga gare shi ya fito, in ba a rubuce yake ba, ba nasa ba ne. Janar Alan Brooke, wanda ya shugabanci kwamitin hafsoshi daga 1942, ya sha yin musu da shi fuska da fuska har tsakar dare. A ƙarƙashin wani ginin gwamnati kusa da titin Downing an tanadi ɗakuna saboda ruwan bama-bamai, inda majalisar ta zauna sau 115, ɗakin taswira kuma ba a rufe shi ba dare da rana sai a Agusta 1945. Majalisar dokoki ba ta daina zama ba. A Yuli 1942, bayan faɗuwar Tobruk, an kawo ƙudurin rashin amincewa da yadda ake tafiyar da yaƙin, gwamnati ta tsallake da ƙuri'a 475 a kan 25.

Tsarin yana da makantarsa, kuma waɗanda ba su da kujera a ɗakin su suka ɗanɗana. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Landan ta juyo ga Afirka ta Yamma neman kuza, gyaɗa da manja. Aka turo Lord Swinton Accra a matsayin minista mai zama a yankin domin ya haɗa kan gwamnonin mulkin mallaka. A shekarun nan ne aka ɗebi talakawa daga lardunan Arewacin Nijeriya zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos. A Indiya abin ya fi tsanani. Da yunwa ta faɗa wa Bengal a 1943, ministan harkokin Indiya Leo Amery, wanda ba ya cikin Majalisar Yaƙi, ya nemi jiragen da za su kai hatsi, haka ma Lord Wavell bayan ya zama wakilin Sarki a can. Abin da majalisar ta amince da shi bai kai abin da aka nema ba, domin ta fifita buƙatun yaƙi. Yunwar tana da dalilai da dama, har da yankewar shinkafar ƙasar Bama da hauhawar farashi, amma mutum miliyan biyu zuwa uku sun mutu, kuma jinkirin Landan yana cikin lissafin.

Rikicin Suez ya nuna wata fuskar haɗarin. Da shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin Suez mallakar ƙasarsa ranar 26 ga Yuli 1956, Firaminista Anthony Eden ya kafa ƙaramin kwamiti washegari, amma a hankali ainihin shawarar ta koma hannun mutane ƙalilan. A Sèvres, kusa da Paris, aka ƙulla yarjejeniyar sirri a watan Oktoba cewa Isra'ila za ta kai wa Masar hari, Birtaniya da Faransa su shigo da sunan rabon faɗa. An ɓoye wa jakadu da lauyoyin ma'aikatar harkokin waje, Eden ya sa aka ƙona kwafin Birtaniya na takardar. Matsin lambar Amurka a kan kuɗin ƙasar ya tilasta tsagaita wuta ranar 6 ga Nuwamba, Eden ya sauka a Janairu 1957. Firaminista Margaret Thatcher ta bi wata hanya a yaƙin da aka yi da Ajantina kan tsibiran Falklands a 1982. Bisa shawarar tsohon Firaminista Harold Macmillan ta kafa majalisa ta ministoci biyar, ba ministan kuɗi a ciki, tana zama kullum tare da Admiral Terence Lewin da babban lauyan gwamnati. Su suka ba da izinin nutsar da jirgin Ajantina, Belgrano, ranar 2 ga Mayu, inda mutum 323 suka mutu. Amma tura rundunar tun farko da saukar da sojoji a tsibiran, duka sai da aka kai su gaban cikakkiyar majalisa.

Rikicin cikin gida ya samu nasa tsarin ne daga 1972, lokacin da yajin aikin masu haƙar kwal ya jefa ƙasar cikin ɗauke wuta, gwamnatin Edward Heath ta gane ba ta da wurin da za ta haɗa 'yan sanda, soja da ma'aikatu cikin gaggawa. Daga nan aka samu ɗakunan taro na ofishin majalisar ministoci da ake kira COBRA. Ba kwamiti ne mai tsayayyun mambobi ba. Irin matsalar ce take nuna wa za a kira da wa zai shugabanta. Ministan cikin gida William Whitelaw ne ya jagoranci zaman lokacin da aka yi garkuwa da mutane a ofishin jakadancin Iran da ke Landan a 1980. Zanga-zangar man fetur da ambaliyar 2000, da cutar dabbobi mai kama baki da kofato a 2001, sun sa aka kafa sakatariya ta musamman da kuma dokar 2004 kan shirin ko-ta-kwana. A gefe guda, binciken Butler na 2004 da na Chilcot na 2016 sun soki yadda aka yanke muhimman shawarwarin yaƙin Iraƙi a hirarrakin ofishin Firaminista Tony Blair, sau da yawa ba takarda ba rubutaccen bayani. Majalisar Tsaron Ƙasa da Firaminista David Cameron ya kafa a 2010 martani ce ga wannan.

Annobar korona ta gwada tsarin da abin da ba a gina shi dominsa ba. COBRA ta dace da tashin bam ko ambaliya, abin da yake ƙarewa cikin kwanaki, ba rikicin da zai shafi kowace ma'aikata shekara biyu ba. Ta fara zama kan cutar ranar 24 ga Janairu 2020 ƙarƙashin ministan lafiya Matt Hancock. Firaminista Boris Johnson bai halarci zama biyar na farko ba, sai 2 ga Maris ya shugabanta, dokar kulle kuma ta zo ranar 23 ga wata. Da aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman ranar 6 ga Afrilu, babu dokar da ta fayyace wanda zai gaji ikonsa, sai minista Dominic Raab ya riƙe bisa umarninsa. Daga baya aka raba aikin gida biyu, kwamitin tsara manufa da kwamitin aiwatarwa. Rahoton farko na hukumar bincike ƙarƙashin Baroness Hallett, wanda ya fito a Yuli 2024, ya gano cewa ƙasar ta shirya wa annobar mura ce kawai, hukumomin shirin sun yi yawa sun sarƙe, masu ba da shawara kuma sun saba tafiya a kan ra'ayi ɗaya. Ya ba da shawarar a daina ɗora irin wannan rikici a kan ma'aikata guda, a kafa kwamiti ɗaya na ministoci ƙarƙashin Firaminista ko mataimakinsa, a kuma riƙa gayyato masana daga waje waɗanda aikinsu shi ne su ƙalubalanci shirin gwamnati tun kafin a buƙace shi.